Tambaya da Amsa: Zan haɗa kwamfutar gem, wane kaya zan fara saya?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk a kan abu ɗaya suke, wato haɗa kwamfutar buga gem mai matsakaicin kuɗi, wadda ba za ta cinye jarin mutum ba kuma ba za ta riƙa shaƙewa ana tsakiyar wasa ba, don haka na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa. Farashin da zan ambata na dala ne, wanda kamfani ya sa ranar da kayan suka fito, domin na naira da na sefa dala suke bi, kafin mujalla ta iso hannunku sun canza.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah inaso ka bani shawara, na daɗe ina tara kuɗi zan haɗa kwamfutar gem, FC nake bugawa da GTA V da Warzone kuma inaso in gwada Red Dead Redemption 2, to naje kasuwa wani ya nuna min wata haɗaɗɗiya Core i7 ce RAM 32 ga fitilu kala-kala a jikin kes ɗin, girafik kad ɗinta GTX 1650, yace babu gem ɗin da zai gagareta, abokina kuma yace kar in saya. Wa zan bi? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Bi abokinka, Allah Ya yi masa albarka. Abu na farko, ka koma ka tambayi mai kayan i7 na wace shekara, domin sunan i7 kaɗai ba ya gaya maka komai, tun 2008 Intel ke fitar da furosesa, wato injin lissafin kwamfuta, da wannan suna. Mafi yawan irin waɗannan da ake haɗawa a ƙawata da fitilu, in ka duba za ka ga i7-3770 ne na 2012 ko i7-4790 na 2014, masu cibiya 4, suna aiki da tsohon RAM na DDR3, kuma wallahi ko ƙaramin i3-12100F na 2022 ya fi su gudu a gem nesa ba kusa ba. Ga kuma matsalar Windows, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance sai Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, kaga ke nan ka sayi abin da aka riga aka rufe wa ƙofa.

Amma babbar maganar ba ta furosesa ba ce ma. A kwamfutar gem katin hoto, wato girafik kad ɗin nan, shi ne ke zana duk abin da idonka ke gani a sikirin, shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na kuɗinka, ni a wajena kusan kashi 40 cikin 100, sauran kaya su raba abin da ya rage. GTX 1650 kati ne na 2019 mai ƙwaƙwalwa 4GB, zai ja FC da GTA V ba laifi, amma Red Dead da Warzone sai ka sauke saitin ƙasa sosai kafin ka samu su tafi, kuma RAM 32 ɗin da ake yi maka talla da shi ba zai ƙara wa katin komai ba.

Ka fara daga monita. In 1080p za ka yi wasa a kai, wanda shi ne na yawancinmu, to RX 6600 na AMD mai 8GB da ya fito 2021 shi ne mafi ƙanƙantar abin da zan yarda ka saya, wuta wat 132 kawai yake ja. Sama da shi akwai RTX 3060 mai 12GB, amma a nan ka buɗe ido domin akwai wani 3060 ɗin mai 8GB da aka fitar daga baya, suna ɗaya kwali kusan ɗaya amma ya fi rauni saboda an rage masa faɗin hanyar ƙwaƙwalwa daga 192 zuwa 128, a karanta maka kwalin kar a ce maka duk ɗaya ne. RTX 4060 na 2023 ya ɗan fi 3060 sauri, kuma abin da nake so da shi a ƙasarmu shi ne wat 115 yake ja, mai sola da mai inbata za su gane abin da nake nufi. In kuwa hali ya kai ka sayi sabon fita, a 2025 an fitar da RX 9060 XT mai 16GB a kan dala 349 da RTX 5060 Ti mai 16GB a kan dala 429, dukkansu akwai masu 8GB da suka fi sauƙi, amma ni dai in zan kashe irin wannan kuɗi ba zan ɗauki 8GB ba, sabbin gem sun fara cika ta, kuma in ta cika ne za ka ga wasa yana tafiya lafiya sai ya riƙa ƙyaftawa ko bango da tufafin 'yan wasa su koma dishi-dishi.

Furosesa kuma Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, duk na 2022 ne, cibiya 6 kowanne, sun ishi duk katunan da na lissafa ba tare da sun riƙe musu ƙafa ba. Ka dai sani dukkansu biyun ba su da hoto na kansu, in babu kati a jiki sikirin baƙi ƙirin za ka gani, kuma wayar monita a bayan katin ake sa ta ba a ramin madabod ba, wato babban allon da ake jona duk kayan a kai, mutane da yawa sun sha tashin hankali a kan wannan suna zaton kaya ya ƙone. Fitilu kuwa ka bar su sai in canji ya ragu.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki, ni tsakanin AM4 da AM5 na rasa na ɗauka, wasu sunce AM4 ya mutu. Sannan RAM guda ɗaya mai 16 zan saya ko 8 guda biyu? Daga wata ɗaliba mai karatun kwamfuta a Zariya.

AMSA: Barka kadai ƙanwata. AM4 da AM5 sunayen mazaunin furosesar Ryzen ne a jikin madabod. AM4 bai mutu ba, tsufa ya yi, tun 2016 AMD ta fito da shi, kuma tsufan nan ne ya sa kayansa suka wadata a kasuwa. Abin da kike saya da AM5, wanda ya zo a 2022, shi ne gaba, domin AMD ta ce za ta ci gaba da yi masa furosesa har 2027 zuwa sama, kin ga nan da 'yan shekaru sai ki cire Ryzen 5 7600 ki ɗora wanda ya fi shi ba tare da kin taɓa madabod ba. Sai dai AM5 DDR5 kawai yake karɓa, kuma tun ƙarshen 2025 kuɗin RAM ya yi tashin gwauron zabi saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke yi. To ga yadda zan auna miki, ki yi lissafin furosesa da madabod da RAM a haɗe na kowane ɓangare, in bambancin zai sa ki sauko daga kati mai kyau zuwa na ƙasa da shi, ki tsaya a AM4 da madabod B550 ki zuba kuɗin a kati. In kin samu B450 da araha shi ma yana ɗaukar 5600, amma sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, a yi miki wannan a shago kafin ki biya.

RAM kuwa guda biyu, ba ko tantama. Guda ɗaya kamar titi ne mai hannu ɗaya, guda biyu tagwayen hanya, kaya iri ɗaya ne amma wucewarsu ba ɗaya ba. In madabod ɗin mai rami 4 ne ki sa su a na 2 da na 4 in kin ƙirgo daga wajen furosesa. DDR4 ki nemi 3200 ko 3600, DDR5 ki nemi 6000, sannan ki shiga BIOS ki kunna XMP ko EXPO, wato saitin gudun RAM, in ba haka ba RAM ɗin zai zauna a ƙasa da gudun da kika biya kuɗinsa. 16GB ya isa yawancin gem a yau, 32GB na wanda ke haɗawa da aikin bidiyo ne ko manyan manhajoji, kuma tunda karatun kwamfuta kike, in akwai Blender ko koyon ƙirƙirarriyar basira a gabanki to katin Nvidia, wato masu suna RTX da GTX, zai fi yi miki sauƙi saboda CUDA, fasaharsu da irin waɗannan manhajoji ke amfani da ita.

TAMBAYA: Oga sannu da ƙoƙari. Sabon kati ya fi ƙarfina gaskiya, tokumbo zan saya, amma ance duk na masu haƙar kirifto ne sun gama tsotse su, ya zanyi in gane mai lafiya? Daga wani mai karatu a Abuja.

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, babu abin kunya a sayen na hannu, a nan ne ma mai ƙaramin ƙarfi ke samun rabonsa. Gaskiya ne bayan Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina amfani da haƙa, wato sa katuna suna ta lissafi don samun kuɗin, a watan Satumba 2022 katuna sun malalo kasuwannin duniya, musamman RX 580 da RX 570 da dangin RTX 30, amma ba kowane katin haƙa ne ya lalace ba, abin da ya fi gajiya a jikinsu fanka ce da man da ke tsakanin guntu, wato injin lissafin katin, da ƙarfen sanyaya. Ko Banex ka je ko Computer Village ta Ikeja ko Titin Beirut a Kano, ƙa'idar ɗaya ce, kar ka biya sai an kunna a gabanka.

Ka karɓi katin a hannunka tukuna. Juya bayansa ka kalli sukurori huɗun nan da ke kewaye da guntun, in kansu ya cinye ko an yage 'yar takardar da ke kan ɗaya to an taɓa buɗe shi, ba laifi ba ne in mai kaya ya faɗa maka dalili, amma in ya rantse ba a taɓa ba ka san da wanda kake ciniki. Ka duba allon ko akwai wurin da ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar ya sha zafi, ka sunsuna ramin da wayar wuta ke shiga ko akwai ƙauri, ka kaɗa kowace fanka da yatsa, mai lafiya za ta juya sumul ta tsaya a hankali, wadda ta gaji za ka ji tana karkarwa ko tana gogar wani abu. Haƙoran zinaren nan na ƙasa su ma a duba kar a ce sun kankare.

Daga nan a ɗora shi a kwamfuta, ka zo da filashinka da manhajojin gwaji na GPU-Z da FurMark a ciki. GPU-Z zai nuna maka ainihin sunan guntun da yawan ƙwaƙwalwa, domin akwai na jabu da ake sauya wa suna, tsohon kati a rubuta masa sabon suna, kuma RX 580 ɗin nan masu arha in ka ga an rubuta 2048SP to ba cikakken 580 ba ne, ƙarfin 570 gare shi. Sai a kunna FurMark a bar shi minti 15 zuwa 20 kana tsaye, ido a kan sikirin, in ka ga ɗigo-ɗigo masu kala ko layuka ko hoto ya ɗauke ya dawo, ajiye musu kayansu. Zafi in ya zauna a 70 da wani abu lafiya lau, in ya haura 85 yana ci gaba da hawa akwai aiki a gaba. A gwada duk ramukan HDMI da DisplayPort ɗaya bayan ɗaya, sannan a rubuta maka garanti a rasit ko na sati biyu ne, na baki ba ya amfani ranar da rigima ta tashi.

Furosesa da RAM ba su cika mutuwa ba, sayensu na hannu ba damuwa, ka dai ɗaga Ryzen na AM4 a haske ka kalli ƙafafunsa ko akwai wadda ta lanƙwashe, a AM5 da Intel kuwa ƙafafun a cikin madabod suke, can za ka leƙa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, ni uwa ce, ɗana ne ya haɗa lissafin kayan kwamfuta ya kawo min, na ga abin da ya rubuta fawa-fak ya sa mai tsada alhali mai shago ya ce akwai wanda ake bayarwa kyauta tare da kes, kuma ya ƙara da wai sai an sayi UPS. Anya ba ɓarnar kuɗi ba ce? Wutarmu dai sai a hankali, da janareta muke cikawa. Daga wata uwa a Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya saka da alheri da kika tsaya kika duba, kuma ina roƙonki a wannan ki goyi bayan yaron, ya yi tunani. In akwai wuri ɗaya a duk lissafin da ba na so a rage ko kwabo to nan ne. Fawa-fak shi ke karɓar wutar bango ya mayar da ita irin wadda kayan ciki ke sha, in kowane kaya ya mutu shi kaɗai yake tafiya, amma shi wannan in mara kyau ne yakan tafi da kati da madabod a lokaci guda, wato kayan da suka fi komai tsada. Sayen nagari mai da kuɗi gida, Hajiya.

Na kyautar nan da ake haɗowa da kes, a ce wa yaron ya karanta takardar da ke manne a gefensa, akwai layin da aka rubuta +12V da lamba a ƙarƙashinsa mai harafin A, ya ninka lambar sau 12, abin da ya fito shi ne ainihin ƙarfin da kati da furosesa za su samu. Sai ki ga an buga 600W da manyan baƙi amma layin ya nuna 20A, wato wat 240 ke nan. Ko a hannu aka ɗaga za a ji shi sakayau. Nagari irin na Corsair ko Seasonic ko Cooler Master ko be quiet! ana ba su garantin shekara 5 zuwa 10 gwargwadon samfuri, kuma tsawon garantin ya fi tambarin 80 Plus nuna inganci, shi tambarin tattalin wuta kawai yake aunawa. Ryzen 5 da kati irin RX 6600 ko RTX 4060 wat 550 ya ishe su, 650 ya ba da sarari ko nan gaba za a sauya kati. Kar kuma a yarda da 'yar wayar nan da ake jonawa daga wayar SATA a mayar da ita ta kati, ita SATA wat 54 aka yi ta ta ɗauka, ramin kati mai ƙafa 8 kuwa har 150 yake ja, narkewa take yi. Kuma ko ya lalace kar yaron ya kwance shi da kansa, yana riƙe wuta a ciki ko an zare shi daga bango.

UPS ma, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke, ba ado ba ne a gidan da ake sauyawa tsakanin NEPA da janareta, domin ɗaukewar wuta kwatsam na lalata abin da ake ajiyewa, in kuma ta faɗa lokacin sabunta BIOS madabod ɗin na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Sai dai a lura, lambar VA ba wat ba ce, ƙaramin nan mai 650VA wat 360 zuwa 390 yake iya ɗauka, ana tsakiyar wasa wuta ta tafi zai yi ƙara ya mutu tare da kwamfutar. A nemi 1200VA zuwa 1500VA mai daidaita wuta a cikinsa, in da hali mai fitar da tsaftatacciyar wuta wadda ake rubuta wa pure sine wave a kwali, domin wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da ɗaya nau'in. Aikinsa ya ba shi 'yan mintuna ya adana ya kashe, ba ya ci gaba da wasa ba. In ƙaramin janareta ne kuma kar a haɗa kwamfutar layi ɗaya da firji ko dutsen guga, in an taɓa kes an ji yana ɗan ja to a kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa ta gidan.

TAMBAYA: Malam ina da tsohuwar Dell OptiPlex ƙarama ta ofis, zan iya sa mata RTX 3060? Daga wani ma'aikaci a Katsina.

AMSA: A'a Malam, ba zai shiga ba, ko ya shiga fawa-fak ɗinta ba shi da ƙarfi ko wayar da zai ba shi, kuma yawancinsu Dell ta yi musu mahaɗar wuta tata ta daban. Abin da za ta ɗauka gajeren kati ne mai shan wuta daga rami kawai, wato ƙasa da wat 75, irin RX 6400 ko GTX 1650 ko RTX 3050 mai 6GB, ka ce a ba ka na siririn kes. Zai buga eFootball da FC da tsofaffin gem, kar dai ka zuba mata kuɗi da yawa.

TAMBAYA: Had-disk 2TB ko SSD 512? Kuma in na sayi babban kati lag ɗin da nake samu a onlayin zai tafi? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: SSD, ɗan'uwa, kuma ka daure ka kai 1TB na NVMe, wato siririn da ake sokewa a jikin madabod, domin Red Dead Redemption 2 kaɗai 150GB yake nema, ka ƙara Warzone da FC kaga 512 ya cika. Ba sai ka bi mafi tsada ba, na PCIe 3.0 mai gudun kusan 3,500MB a sakan da na 4.0 mai kusan 7,000 da wuya ka ga bambancinsu a buɗe gem. Had-disk ka ajiye shi don bidiyo da hotuna da adana gem ɗin da ka sauke, ko don tsadar data. In na hannu ne SSD ɗin ka duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo. Lag na onlayin kuwa ba aikin kati ba ne, nisa ne tsakaninka da sabar wasan da kuma ingancin intanet ɗinka, ka gwada jona waya daga rauta maimakon Wi-Fi.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, mu nan zafi da ƙura ne matsalarmu, ɗakina ba na'urar sanyi sai fanka, an ce sai na sa mai sanyaya na ruwa in ba haka ba furosesa zai ƙone. Daga wani matashi a Damagaram, Nijar.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, gaisuwa ga mutanen Damagaram. Ba ka buƙatar na ruwa. Ryzen 5 5600 da 7600 da i5-12400F duk ajin wat 65 ne, kuma furosesa na yanzu in zafi ya kai iyakarsa, digiri 90 a 5600, 95 a 7600, 100 a Intel ɗin, rage gudu yake yi da kansa ba ƙonewa ba. Na ruwa yana da famfo, famfo kuma yana mutuwa, ranar da ya tsaya samun madadinsa aiki ne, shi kuwa na iska ƙarfe ne da fanka, fanka ta mutu ka sauya ta da kuɗi kaɗan. Wanda ke zuwa a kwali yana aiki, amma a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura 40 zai yi ta ihu, don haka ka ƙara kaɗan ka sayi mai tsayi irin DeepCool AK400 ko Thermalright Peerless Assassin, ka auna faɗin kes ɗinka tukuna don murfi ya rufu, kuma kar ka manta ka ɓare ledar da ke manne a gindinsa kafin ka shafa mai ka ɗaura.

Kes ɗin ya fi mai sanyayar muhimmanci a wajenku. Ka guji mai gilashi ta gaba da ya toshe iska, ka nemi mai raga da matatar ƙura da ake zarewa, fanka biyu ko uku a gaba suna jawo iska ciki, ɗaya a baya tana fitarwa, in masu shigarwa sun fi masu fitarwa yawa to ƙura ba za ta riƙa kutsowa ta kowace kafa ba sai ta bi ta matata. Ka ɗora ta a tebur kar ka ajiye a ƙasa ko kan darduma, ka bar tazara tsakaninta da bango, in ka kashe ta ta huce ka rufa mata ƙyalle. Lokacin hunturu ka riƙa zare matatar kana kakkaɓewa duk sati biyu, cikin kuma ka fitar da ita waje ka hure da bulowa bayan ka zare wuta, kana riƙe kowace fanka da yatsa don kar iska ta juya ta fiye da kima ta lalata ta. Ka sa HWMonitor ka riƙa leƙa zafin lokacin wasa, in ka ga ya ƙaru da digiri 10 a kan yadda ka saba gani alhali yanayi bai canza ba, to lokacin shara ya yi, in an share bai sauka ba a sauya man furosesa.